Masu cajin kurwa a tsaunukan Kumano

A fadarmu ta bayan sallar isha'i, inda ake dafa shayi har sau uku ana tsinke zancen duniya, wani abokina ma'aikacin gwamnati ya dawo mana daga horo na wata biyu a birnin Osaka na ƙasar Japon. Tun ba a zuba na fari ba ya zaro salula ya shiga nuna mana hotuna. Ga shi nan tsaye gaban wani ruwa mai zubowa daga kan dutse, dogo fari fat kamar an warware rawani, ya miƙa tafin hannuwansa biyu gaba, idanu a rufe. Muka ce: «Alhaji, addu'a kake yi ko jin ɗumi?» Ya yi dariya ya ce mini: «Malam, ai wurin nan caji yake yi wa mutum. Mai yi mana jagora ta ce minti biyar ya isa, ƙarfin wurin ya shige ka kamar yadda wuta ke shiga batir. A yini guda wurare huɗu muka yi.»

Aka yi dariya aka wuce, amma ni maganar ta tsaya mini a maƙogwaro. Ruwan da abokina ya yi hoto a gabansa shi ne mazubar Nachi, a yankin Kumano, wurin da mutanen ƙasar suka shafe sama da shekara 1000 suna zuwa masa a ƙafa, cikin tsarki da fargaba. Yau ana tallarsa da wata kalma da Japanawa suka ƙera daga Ingilishi, pawa supotto, watau matattarar ƙarfi, wurin da wai baƙo zai tsaya ya ɗibi kuzari da sa'a ya yi gaba. Abin da nake son kafawa a wannan maƙala shi ne cewa wannan kalma fashi ce da rana tsaka. Tana ƙwace wa mutanen ƙauye aikin da suka gada kaka da kakanni ta mai da shi haja, sannan ta juya ta cuci shi kansa mai ziyarar, ta sayar masa da ɓawo ta ce tsaba ce.

Wurin da ake magana a kai

Kudu da Osaka da Nara akwai wani babban zirin ƙasa da ya kutsa cikin teku, ana ce masa Kii. Tsaunuka ne bisa tsaunuka, da kurmi mai duhu, da koguna masu ƙarfin gudu. Ruwan sama da ke sauka a garin Owase, a gabashin zirin, ya kusa milimita 4000 a shekara, kusan ninki goma na abin da Damagaram ke samu a damina mai kyau. A kudancin wannan ziri, cikin jahar Wakayama, manyan ɗakunan bauta uku suke, waɗanda ake haɗawa a kira su Kumano Sanzan: Hongu a tsakiyar tsaunuka, Hayatama a bakin kogi cikin garin Shingu, da Nachi kusa da mazubar ruwan da tsawonta ya kai mita 133. A akidar mutanen wurin ruwan kansa shi ne abin girmamawa, mazaunin abin da suke kira kami, shi ya sa ba a yi masa ɗaki ba, sai igiya ta alama da aka gitta a bisa kansa. Hanyoyin ƙafa da suka haɗa waɗannan wurare da sauran ƙasar su ake kira Kumano Kodo. A shekarar 2004 hukumar UNESCO ta sa su cikin kayan gadon duniya, tare da Koyasan da Yoshino da Omine.

Sarakunan Japon da suka yi murabus su suka fara yi wa wannan hanya suna. Sarki Uda ya je a shekarar 907. Go-Shirakawa, a ƙarni na 12, ya je sama da sau 30. Daga Kyoto, babban birnin zamanin, zuwa da dawowa kan ci kusan wata guda. Kafin a tashi sai mai niyya ya killace kansa na wasu kwanaki, ya bar nama da kifi, ya riƙa wankan tsarki da ruwan sanyi. A kan hanya akwai ƙananan wuraren bauta da ake kira oji, masu yawan da har aka yi musu laƙabi da casa'in da tara, a nan ake yada zango a yi addu'a a sake tsarki a kogi. Mawaƙin fada Fujiwara no Teika ya raka sarki Go-Toba a shekarar 1201, ya kuma bar mana littafin tafiyarsa cike da kukan ciwo da gajiya da ruwan sama da ya jiƙa shi sharkaf a kan tsauni. Daga baya talakawa suka bi sawun sarakuna, suka yi yawan da mutanen zamanin suka kamanta su da tururuwa. Bahaushe ba ya bukatar tafinta a nan, jerin gwano ne sak.

Kumano ta yi suna da abin da wasu wuraren bautar ƙasar ba su yarda da shi ba: tana karɓar mata, da marasa lafiya, da waɗanda al'ada ta ɗauka marasa tsarki. A ƙauyen Yunomine akwai maɓuɓɓugar ruwan zafi, irin tamu ta Tafadek, inda matafiya ke wanka kafin su isa Hongu, almara kuma ta ce wani jarumi da cuta ta naƙasa ya warke a cikinta bayan da baƙin mutane suka yi ta karɓa-karɓar jan kekensa zango bayan zango. Ko a almarar ma, sai da hanya da hannun jama'a waraka ta samu.

Inda aka ƙera kalmar

Kalmar pawa supotto ba ta da wannan tsufa. Ta fara yawo tsakanin masu sha'awar abubuwan ɓoye a shekarun 1980 da 1990, amma telebijin ce ta yi mata fukafukai. A watan Disamba na 2009 wani mai duban tafin hannu ya faɗa a cikin wani shiri cewa duk wanda ya ɗauki hoton rijiyar Kiyomasa, wadda ke cikin lambun Meiji Jingu a Tokyo, ya sa shi a fuskar salularsa, sa'a za ta bi shi. Cikin ƴan kwanaki mutane suka yi layi na awoyi a bakin wata ƴar rijiya da a da ba kowa ke waiwayarta ba, har sai da aka koma raba musu lamba. Shekarar 2010 ta zama shekarar wannan zazzaɓi. Mujallun mata, da kamfanonin tafiye-tafiye, da hukumomin yawon buɗe ido na jahohi, kowa ya fito da jerinsa: wannan dutse na aure ne, wancan itace na kuɗi ne, wancan ruwa na cin jarrabawa ne.

Akwai misalin da ya tona asirin sana'ar gaba ɗaya. A jahar Nagano akwai wata mashiga tsakanin tsaunuka mai suna Bungui. A shekarar 1995 wani malamin motsa numfashi daga ƙasar Sin ya ziyarci wurin ya ce ya ji wani ƙarfi na musamman, wai filin maganaɗisu ne da ya sauka sifiri. Babu awon kimiyya da ya tabbatar da wata waraka a wurin. Duk da haka mutane suka yi ta tururuwa suna zama kan benci suna shaƙar iska, har hukumar garin ta sa motocin jigila sabili da cunkoso. Darasin a fili yake: idan ana iya ƙera matattarar ƙarfi da bakin mutum ɗaya a shekara ɗaya, to, kalmar ba ta san bambanci tsakanin Nachi mai shekara dubu da wani gefen hanya ba. A ma'auninta duka kanti ne, abin tambaya kawai shi ne wanne ya fi bada riba cikin minti biyar.

Su kansu masu kula da ɗakunan bautar da yawansu ba su yi na'am ba. A Ise, wurin bauta mafi daraja a addinin Shinto, akwai wasu duwatsu uku da aka kewaye da igiya, alamar filin da ake yin wani bikin tsarkakewa. Baƙi suka mai da su murhu, kowa ya zo sai ya miƙa hannu a bisansu wai yana jin ɗumi. Masu wurin suna kallon wannan a matsayin rashin ladabi. Ga mai gida yana cewa ba haka ake yi ba, ga baƙo da mujalla a hannu yana koya masa abin da ke cikin ɗakinsa.

Wa ke riƙe da igiyar?

Babban laifin wannan kalma shi ne ƙaryar da take yi game da tushen abin da baƙo ke ji. Tana cewa ƙarfi daga ƙasa yake fitowa, kamar man fetur ko uraniyum, ba na kowa ba ne, mai rabo ka ɗauka. Alhali duk abin da ya sa gaban abokina ya faɗi a Nachi, hannun mutane ne ya tsare shi. Igiyar da ke bisa mazubar sau biyu a shekara ake canza ta, mutane ne ke hawa bakin ramin su ɗaura sabuwa. Kurmin da ke kewaye da ita ya tsira ne don an hana sara a cikinsa tsawon ƙarnoni. Ranar 14 ga watan Yuli na kowace shekara maza ke saɓa manyan jiniyoyin wuta 12, kowace mai nauyin kusan kilo 50, su yi ta hawa da sauka da su a matakalar dutse. A Shingu, daren 6 ga watan Fabrairu, maza sanye da fararen kaya, waɗanda suka yini ba su ci komai ba sai farin abinci, ke gangarowa da wuta a hannu daga dutsen Kamikura, kan matakala 538 masu tsananin gangara. Wanda ya share hanya, da wanda ya gyara dutsen da ruwa ya ture, da tsohuwar da ke canza furanni gaban wani ɗan gunki a gefen kurmi, su ne injin da ake cajin.

To, waɗannan mutane ƙarewa suke yi. Jahar Wakayama tana da mutum sama da miliyon 1 a shekarar 1985, ƙidayar 2020 ta same ta da kimanin 922,000. Binciken gidaje na 2023 ya nuna gidaje kusan miliyon 9 ne babu kowa a ciki a faɗin Japon, a Wakayama kuwa abin ya haura gida 1 cikin 5. Sana'ar katako da ta riƙe ƙauyukan tsaunin ta durƙushe bayan da aka buɗe ƙofa ga katakon waje a shekarun 1960, samari suka yi ƙaura zuwa Osaka da Nagoya, aka bar tsofaffi da makarantu rufaffu. Ƙungiyar Jinja Honcho tana da ɗakunan bauta kusan 80,000 a ƙarƙashinta, masu hidimarsu kuwa ba su kai rabin wannan adadi ba, shi ya sa a karkara za ka tarar da mutum ɗaya yana zagaya wurare goma ko fiye. Mujallar da ke jera wurare goma mafiya ƙarfi ba ta da shafi ɗaya na wannan labari, don ba ya sayar da tikiti.

Kuma ƙasar da ake kwatantawa da uwa mai shayar da kuzari, mutanen wurin sun san ɗaya fuskar tata. A shekarar 1889 ambaliya ta share mafi yawan ɗakunan Hongu daga tsibirin yashin da suke a kai, Oyunohara, aka kwashe abin da ya tsira aka sake ginawa kan tudu a 1891. Ambaliyar nan ce ta tashi mutanen Totsukawa kimanin 2500 suka yi hijira har Hokkaido, can ƙarshen arewa, suka kafa sabon gari da sunan tsohon. A watan Satumba na 2011 wata guguwar teku ta sake zubo ruwa a zirin Kii, tsaunuka suka zabtare, kusan mutum 100 suka mutu ko suka ɓace a ƙasar, laka ta shiga har cikin harabar Nachi. Girmamawar da mutumin Kumano ke yi wa dutse da ruwa, da tsoro aka cuɗa ta. Wanda ya zo ya miƙa hannu yana jiran daɗi, rabin labari aka ba shi. A filin Oyunohara yau akwai wata ƙatuwar ƙofar alama, torii, mai tsawon kusan mita 34, da aka kafa a shekarar 2000. Dubban mutane na hoto a ƙarƙashinta, ƙalilan ne ke tambayar abin da ya sa filin bayanta yake fayau.

An taɓa yin irin wannan lissafi

Ba yau aka fara auna wuraren bautar ƙauye da ma'aunin da ba nasu ba. A shekarar 1906 gwamnatin Meiji ta ba da umarnin haɗe ƙananan ɗakunan bauta, da nufin a bar kamar ɗaya a kowace gunduma, wanda ke da dukiyar riƙe kansa. Kafin 1914 an rushe kimanin 70,000. Jahohin Mie da Wakayama, watau ƙasar Kumano kanta, su suka fi shan wuya. Da an rufe wuri sai a sare kurminsa a sayar da katakon, oji da yawa na tsohuwar hanya a nan suka salwanta.

Mutum ɗaya ya tsaya ya ce bai yarda ba: Minakata Kumagusu, masanin tsirrai da al'adu, wanda ya yi shekaru yana bincike a London kafin ya dawo ya zauna a garin Tanabe. Ya yi ta rubutu a jaridu yana cewa in aka kashe wurin bautar ƙauye an kashe kurminsa, da tsuntsayensa, da dandalin da jama'a ke haɗuwa, da abin da ke sa mutum ya ji kunyar maƙwabcinsa. A shekarar 1910 ya kutsa cikin wani taron jami'ai don ya fuskanci mai goyon bayan dokar, aka tsare shi fiye da mako biyu. Manyan itatuwan sugi na Nonaka, waɗanda aka ƙiyasta shekarunsu da 800, suna cikin abin da faɗansa ya tsirar. Yau suna cikin jerin matattarar ƙarfi, ana rungumarsu ana hoto, ba tare da an san wanda ya kwana a kurkuku dominsu ba.

Gwamnatin 1906 ta tambayi kowane wuri: nawa ka mallaka? Kasuwar yau tana tambayarsa: nawa kake jawowa? Sakamakon ɗaya ne. Ƴan ƙalilan masu suna su cika su batse, dubbai marasa suna su ruɓe a cikin ciyawa. Bambancin kawai shi ne na farko da takardar hukuma ya zo, ana iya yi masa tawaye, na biyu kuwa da murmushi ya zo, har gode masa ake yi.

Abin da za a ce mini

Na san hujja ta fari: ƙauyen da ke mutuwa ba ya zaɓen baƙo. In kalmar banza ta kawo mota cike da mutane, mai masauki ya samu, mai sayar da abinci ya samu, rufin ɗakin bauta ya samu gyara, to, ina laifi? Za a ƙara da cewa ziyara ba ta taɓa rabuwa da ciniki ba. Wannan gaskiya ne, ba na musunsa. A Kumano ta da akwai masu masauki da ake kira oshi, waɗanda ke riƙe da haƙƙin saukar da mutanen wani yanki ko wani dangi, har sayar da wannan haƙƙi suke yi wa juna a rubuce kamar gona. Akwai ƴan jagora, sendatsu. Akwai mata masu wa'azi, bikuni, da ke yawo ƙasa-ƙasa da zanen aljanna da wuta suna tara sadaka. Talla ce, ba wani abu ba.

Amma a duba abin da suke sayarwa. Shahararriyar hajar Kumano wata takarda ce mai zanen hankaki, goo hoin. A bayanta ake rubuta rantsuwa, jarumai da ƴan kasuwa da masoya duk sun yi amfani da ita, bisa imanin cewa wanda ya karya alkawarin da ya rubuta a kai azaba za ta same shi. Watau mutum ya je Kumano ya sayo abin da zai ɗaure shi. Ya dawo da nauyi a wuyansa, na gaskiya da riƙon amana. Hajar yau kuwa ba ta ɗaure kowa da komai. Ba ta ce ka bar ƙarya, ba ta ce ka biya bashi, ba ta ce ka dawo baɗi ka ɗauki tsintsiya. Karɓa kawai ta sani. Kuma kuɗin da ake taƙama da su, baƙon minti biyar ba ya barinsu a ƙauye: a birni ya sayi tikiti, a birni zai kwana, abin da ya bari a tsauni sai sawun taya.

Hujja ta biyu ta fi taushi: wa ya ba ka ikon auna abin da ke zuciyar wani? Mai yiwuwa ma'aikaciyar da ta gaji da ofis a Tokyo ta tsaya gaban Nachi ta ji sanyi a ranta da gaske. Ban ƙaryata ta ba. Kurmi da ruwa da shiru suna yi wa ɗan Adam magani, wannan ko makiyayi a Tadres ya sani. Faɗana da wanda ya fassara mata abin da ta ji ne, ya ce mata wani sinadari ne ta ɗiba, ya kuma nuna mata wurare uku na gaba da za ta ƙaro kafin jirgin yamma. Ya hana ta zama. Ya hana ta tambayar wa ya share matakalar da ta hau.

Wanda aka koya wa cewa wuri rijiyar ɗiba ce, wata rana zai sa ƙafa a ciki. A watan Yuli na 2012, ƙasa da shekara guda bayan ambaliyar, ƴan sanda suka kama wasu maza uku suna hawan dutsen mazubar Nachi da igiyoyinsu na wasan hawa. A 2019, da aka shiga sabon zamanin sarauta na Reiwa, hatimin ziyara da ake rubuta wa mutum da hannu a ɗakunan bauta ya bayyana a kasuwannin intanet da tsada mai yawa. A 2024, shekarar da baƙi kusan miliyon 37 suka shiga Japon, an ga mai lilo a jikin torii don bidiyo, an kama mai sassaƙa haruffa a jikin wata. A watan Maris na 2025 wurin bauta na Watatsumi, a tsibirin Tsushima, ya sanar da rufe ƙofarsa ga masu yawon kallo, ya bar ta ga masu ibada kaɗai. Ƙarshen cinikin ke nan: mai gida ya gaji ya sa sakata, na kirki da na banza duk suka tsaya a waje.

Hujja ta uku daga gida za ta fito. Wani zai ce: Malam, mu Musulmi me ya haɗa mu da masu girmama dutse da ruwa, har da za ka ɓata tawada kana kare su? Amsata ita ce ban kira kowa ya yi imani da kami ba, ni ma ban yi ba. Amma abin mamaki, Alhajin da ba zai taɓa rusuna wa gunki ba shi ne ya miƙa hannu yana karɓar ƙarfi daga ruwa, hankalinsa kwance, don an ce masa ba addini ba ne, caji ne. Kalmar ta raina akidar mai gida, ta kuma yi wa akidar baƙo shigo-shigo ba zurfi. Da ya tsaya daga gefe da ladabi, a matsayin baƙo mai kallon ibadar wasu, da ya fi kusa da gaskiyar addininsa da gaskiyar nasu. Ban kuma ce duk abin da tsohuwar al'ada ta riƙe daidai ne ba: har yau akwai ƙololuwa a tsaunin Omine da ba a yarda mace ta hau ba, Japanawa da kansu suna gardama a kai. Wannan gardama ce ta masu ɗaukar wuri da muhimmanci. Mai caji ba ya cikinta, don shi ko oho.

Wata hanyar tana nan

Ba a rasa waɗanda suka gane ba, kuma a Kumano ɗin suke. Garin Tanabe, mahaifar gwagwarmayar Minakata, ya kafa ofishin yawon buɗe idonsa a shekarar 2006, ya zaɓi ya nemi mai tafiya a ƙafa, wanda zai kwana uku ko huɗu a hanya, ya sauka a ƙananan masaukai na iyali, ya ci abin da uwar gida ta dafa. Tun 1998 aka ƙulla zumunci tsakanin hanyar Kumano da ta Santiago a ƙasar Spaniya, daga 2015 kuma ana ba da shaida ga wanda ya taka duka biyun. Akwai kuma aikin gayya da suke kira michibushin: ɗalibai da ma'aikatan kamfanoni da baƙi su ɗauki ƙasa a buhu su hau da ita tsauni, su cike inda ruwa ya cinye hanya, su daddaɓe. Wannan ma kasuwa ce, ban ce waliyyai ne ba. Amma kasuwa ce da ke mai da baƙo mai bayarwa, ta kuma bar kuɗinsa inda guminsa ya zuba.

Mu nan bai kamata wannan ya zama mana baƙon zance ba. Kakanninmu da suka nufi gabas a ƙafa ta Cadi da Sudan, wasu shekaru suka yi a hanya, sun san cewa tafiya tana gyara matafiyi tun kafin ya isa. Ba ina gwama ibadarsu da ta kowa ba ne, hanyar kawai nake nunawa. Kuma muna da namu kayan da kasuwa ta taɓa leƙowa. Tsohon garin Agadas ya shiga jerin UNESCO a 2013, hasumiyar masallacinsa mai mita 27 tana tsaye ne don akwai hannuwan da ke sake yaɓa mata laka. Gerewol na Wodaɓe an daɗe ana tallarsa a Turai da sunan gasar kyau ta maza, an yar da zumunci da dokokin dangi da ke ƙarƙashinsa. Rashin tsaro ya kore mana baƙi tun wajen 2007, amma ranar da suka dawo, da kalmominsu za su dawo, kuma za a sami ɗan gida da zai karɓi kalmar ya buga a takardar talla. Gara mu yi gardamar tun yanzu.

Na koma wa abokina da wannan duka a wani daren, ya saurara har aka kai na uku. Ya ce: «To, Malam, da me kake so in yi da yini ɗaya tak?» Na ce wuri ɗaya za ka je maimakon huɗu. Ka sauka daga mota a gindin Daimonzaka, ka taka matakalar dutsen da ƙafarka a ƙarƙashin itatuwan da suka girmi daular Katsina ta Maraɗi nesa ba kusa ba. In ka isa, ka sa hannuwanka a aljihu. Ka nemi wanda ke shara ka gaishe shi, ka tambaye shi mutum nawa suka rage a ƙauyensu.